Tarihin Otal-Otal Na Wuraren Wasa Da Lashe-Lashen Kirsimeti



Mu marubuta littattafan soyayya muna da wata ɗabi'a da kowa ya san mu da ita. Da zarar labari ya kai inda Alhaji yake son wanke laifinsa a wurin uwargida, ko ango yake son ya burge amarya, sai mu yanka musu tikiti mu ɗora su a jirgi, mu sauke su a wani ƙasaitaccen otal a ƙasar waje, yara suna ta lilo, iyaye suna shan iska. Shafi biyu mun gama, mun dawo da su gida da tsaraba. Ni kaina na aikata haka ba sau ɗaya ba. To amma irin wannan otal da aka gina a jikin wurin wasa, wanda iyali za su tare a ciki har mako guda ba su leƙa titi ba, ba daga sama ya faɗo ba. Yana da tarihi, kuma tarihin nasa ya fi wasu labaran da muke ƙagawa rikici, domin akwai bashi a ciki, akwai da-na-sani, akwai ɓoye-ɓoye. In ka bi diddigin duk wata alewa da ake raba wa yara a can lokacin hutu, za ka tarar tambaya ɗaya ce ta haife ta: yaya za a yi iyalin nan su kwana, kada su tafi gida da yamma?

Tun kafin a san da Walt Disney, Amurkawa suna da wuraren shaƙatawa masu lilo da shillo a bakin ruwa, wasu har da masaukinsu. A Coney Island ta birnin Niyok, a 1885 an gina wani otal na katako da siffar giwa, mutum ya shiga ta ƙafarta ta baya ya hau matakala ya kwana a cikin cikinta. Gobara ta cinye giwar a 1896. A Cedar Point ta jihar Ohio an buɗe Hotel Breakers a 1905, yana nan har yau. Milton Hershey mai kamfanin cakulan kuwa, ma'aikatansa ya fara gina wa wurin shan iska a garin da ya kafa, daga baya a 1933 ya ƙara da babban otal a kan tudu. Sai dai waɗannan duk wuraren lokacin zafi ne. Sanyi na shigowa a rufe ƙofa a sa kwaɗo, sai baɗi. Kuma da yawa daga irin su, musamman na bakin teku, sun yi ƙaurin suna wajen ƙazanta da mashaya da 'yan damfara, ba inda magidanci zai so ya kai iyalinsa su kwana ba ne.

Walt Disney, mai kamfanin da ya fito da ɓeran nan Mickey Mouse, ya sha ba da labarin inda tunanin nasa wurin ya zo masa. Ranar Asabar yakan ɗauki 'ya'yansa mata biyu ya kai su Griffith Park a Los Anjelis, su hau lilon dawakai mai juyawa, shi kuwa ya samu benci ya zauna yana cin gyaɗa. Duk uban da ya taɓa kai yara yawon sallah ya tsaya a gefe riƙe da takalmansu ya san irin wannan zama. Nan ya fara tunanin gina wurin da uba da 'ya'ya za su yi wasa tare, ba ɗaya yana wasa ɗaya yana gadi ba.

Ya sayi gonakin lemo eka 160 a Anaheim, wani ƙaramin gari kudu da Los Anjelis a jihar Kalifoniya. Kafin a buɗe Disneyland ranar 17 ga Yuli 1955, aikin ya lashe dala miliyan 17. Sai da Walt ya ci bashi a kan inshorar ransa, ya sayar da gidansa na hutu, ya kuma jawo gidan talabijin na ABC suka zuba kuɗi, shi kuma yana shirya musu shiri duk mako. Da aka zo maganar otal, aljihu ya riga ya bushe. Ga shi ya san dole baƙi su samu wurin kwana, tunda Anaheim a lokacin ban da itatuwan lemo babu abin kirki. Manyan masu otal da aka tuntuɓa suka noƙe, a ganinsu wa zai je ya kwana a tsakiyar gona? Daga ƙarshe wani attajirin man fetur ɗan jihar Tekzas mai suna Jack Wrather, wanda kuma yake taɓa harkar fim da talabijin, shi ya yarda, tare da abokiyar kasuwancinsa Maria Helen Alvarez. Suka buɗe Disneyland Hotel ranar 5 ga Oktoba 1955, kusan wata uku bayan buɗe wurin wasan, da ɗakuna ɗari da 'yan kai, kwana ɗaya dala 15.

A cikin yarjejeniyar, Walt ya ba Wrather izinin ɗora sunan Disney a kan otal. Wannan sa hannu shi ya zame wa gidan Disney ƙarfen ƙafa har shekara 33. Otal ɗin ya yi ta bunƙasa, ana ta ƙara benaye, a 1961 ma aka jawo jirgin ƙasan nan mai bin layi ɗaya ta sama har ƙofarsa, baƙo ya fito daga ɗaki ya hau ya sauka a cikin wurin wasa. Da kuɗi suka zauna wa Walt ya nemi ya saya, Wrather ya ce allambaram. Haka Walt ya rasu bai mallaki otal ɗin da yake ɗauke da sunansa ba. Wrather ya rasu a 1984, kuma sai a 1988 kamfanin Disney ya samu otal ɗin, shi ma sai da ya sayi kamfanin Wrather ɗungurungum, har da ɗawainiyar wani tsohon jirgin ruwa, Queen Mary, da ba su nema ba.

Amma ba Wrather ne ya fi ci wa Walt tuwo a ƙwarya ba. Shi dai aƙalla otal mai tsafta ya gina. Da mutane suka ga Disneyland ta karɓu, sai kowa ya ruga ya sayi fili a kewayenta. Kafin ka ce kwabo titin Harbor ya cika da ƙananan masaukai masu araha, da gidajen abinci, da allunan talla masu walƙiya. Iyali su yini a wurin Walt, da dare su fita su ci abinci su kwana a wurin wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai, kuma shi ya sa da ya tashi gina na biyu ya yi abin da ya yi.

A 1964 da 1965 wasu kamfanoni da ba wanda ya taɓa jin sunansu suka riƙa sayen fadama da dazuka a kusa da Orlando ta jihar Fulorida. Masu filaye suna murna sun rabu da ƙasar da ba ta da amfani sai sauro da kada. Jita-jita ta cika gari, wasu suna cewa masu ƙera jiragen sama ne, wasu suna cewa masu mota ne. Wata 'yar jarida ta Orlando Sentinel, Emily Bavar, ita ta fasa ƙwai a watan Oktoba 1965 cewa Disney ne. Kafin nan an riga an haɗa fiye da eka 27,000 a kan kimanin dala miliyan 5. Ka kwatanta da eka 160 na farko. Ba wai yana bukatar wannan ƙasa duka don lilo ba ne, so yake duk wanda zai gina masauki don ya ci arzikinsa, ya gina shi can nesa inda baƙo ba zai hango ba. Walt bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu ranar 15 ga Disamba 1966. Wansa Roy, wanda ya riga ya yi niyyar ajiye aiki, shi ya ɗaure ya ƙarasa, aka buɗe Walt Disney World ranar 1 ga Oktoba 1971, shi ma watan Disambar wannan shekara ya bi ƙaninsa.

A wannan karon otal biyu aka buɗe rana ɗaya da wurin wasan, kuma a cikin filin kamfanin suke. Contemporary, wanda aka haɗa ɗakunansa a wata masana'anta aka riƙa ɗaga su da inji ana jera su a jikin ginin, jirgin ƙasa yana ratsawa ta tsakiyar zaurensa. Sai Polynesian, mai kama da ƙauyen tsibirai. A watan Nuwamba aka ƙara da Fort Wilderness, dajin da iyali za su kafa tanti ko su ajiye motarsu mai ɗaki. A Polynesian ɗin nan ne ma, a ƙarshen Disamba 1974, mawaƙi John Lennon, yana tsakiyar hutun Kirsimeti da ɗansa, ya sa hannu a takardar da ta raba ƙungiyar Beatles. Wato har mai kashe auren ƙungiya yara ne suka kai shi wurin.

To an samu gado, saura a sa mutum ya kwanta a kai. A nan dabara ta fara. Mai yara in ya gaji da la'asar mota zai nema. Amma in aka ce masa da ƙarfe tara na dare za a yi wasan wuta a sama, yaran ba za su yarda a tafi ba, kuma wanda ya kai goma na dare da yaro a kafaɗa yana barci, ɗaki mafi kusa yake nema ko nawa ne. Tun cikin shekarun 1950 Disneyland ta fara wasan wuta da dare. A Fulorida kuwa tun 1971 ake jan wasu kwale-kwale masu fitilu da kiɗa su bi ta gaban otal-otal ɗin da ke bakin tafki bayan duhu ya yi. A Fort Wilderness a hura wuta a fili, yara su kewaye ta suna gasa wata farar alewa mai laushi kamar auduga a kan tsinke, a yi waƙe-waƙe, sannan a nuna musu fim a waje. Da safe kuma ga karin kumallo inda mutum sanye da kayan Mickey zai zo har teburinku ya rungumi yaro a ɗauki hoto. Yaron dai ba cin abincin zai yi ba don zumuɗi, amma uban zai biya kuɗin faranti cif.

Matsala ta biyu ita ce lokacin sanyi. Yara suna makaranta, ba mai tafiya. Mutane da yawa ba su san cewa har zuwa 1985 Disneyland takan rufe ranakun Litinin da Talata in ba lokacin cunkoso ba ne. Wurin wasa yana iya rufewa ya sallami masu aikin yini, otal kuwa ko ba kowa sai an kunna wuta an biya masu shara da masu girki. Makon Kirsimeti shi kansa ba ya bukatar talla, ko yaushe cike yake. Makonnin da ke gabansa su ne ciwon kai. Saboda haka sai aka riƙa jan bikin ana miƙar da shi baya, har ya zamana ana fara ado tun farkon Nuwamba. A 1958 aka fara jerin gwanon mawaƙan coci masu riƙe da kyandir a Disneyland. A 1983 aka ƙirƙiro Mickey's Very Merry Christmas Party a Fulorida: a wasu darare a sallami baƙin rana, a sayar da wani tikitin dabam na dare, a raba biskit da ruwan cakulan mai zafi, a kuma riƙa feso dusar ƙanƙara daga saman gine-gine. Fulorida ƙasar zafi ce, dusar ta kumfar sabulu ce. Biskit ɗin ana cewa kyauta ne, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. A wannan shekara ta 1983 su ma mutanen Hershey suka fara buɗe nasu wurin don Kirsimeti, wurin da a da sanyi yake rufe shi.

Akwai wani labari a nan da in da ni na rubuta shi a littafi da an ce na cika ƙari. Wani attajiri a garin Little Rock na jihar Arkansas, Jennings Osborne, 'yarsa ƙarama ta roƙe shi a 1986 ya ƙawata gidansu da fitilun Kirsimeti. Ya sa guda 1,000. Baɗi ya ƙara, baɗin baɗaɗa ya ƙara, har ya sayi gidaje biyu na maƙwabta don ya samu wurin ratayawa. Zuwa 1993 fitilu sun kai miliyan 3, motocin 'yan kallo sun toshe unguwa, maƙwabta suka maka shi a kotu suka kuma yi nasara. Disney na jin haka suka aika aka kwaso fitilun, daga 1995 suka riƙa kunna su a ɗaya daga wuraren wasansu na Fulorida har zuwa Janairun 2016. Abin da ya zama fitina a unguwa ya zama abin da iyalai suke kama ɗaki don su gani, tunda fitila ba ta kyau sai da dare.

Wanda ya mai da otal babbar sana'ar kamfanin shi ne Michael Eisner, da ya karɓi shugabanci a 1984. Ya tarar da otal-otal ɗin Disney a Fulorida ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, alhali 'yan waje suna ta gina dubban ɗakuna a bakin iyaka. Sai ya shiga gini ba ji ba gani: Grand Floridian a 1988, Yacht Club da Beach Club a 1990, Wilderness Lodge a 1994, da masu rangwamen kuɗi irin su All-Star don masu ƙaramin ƙarfi. A 2001 aka buɗe Animal Kingdom Lodge mai fasalin Afirka, inda baƙo zai leƙo ta baranda ya ga raƙumin dawa yana kiwo, kuma a zaurensa aka kafa ƙaton dodon Ijele na ƙabilar Ibo daga Najeriya. Yau otal-otal ɗin kamfanin a wannan fili sun haura 20. Da suka yi yawa haka, kowanne sai ya nemi abin da zai bambanta shi da ɗan uwansa a lokacin biki. A nan masu gashin burodi suka shigo.

Akwai wani biskit da Turawa suke yi da fulawa da zuma da citta da kirfa da kanumfari. In kana neman abin da ya yi kusa da shi a wurinmu, ka ɗauki gireba ka ƙara mata kayan ƙamshi da zuma. Tsohon abu ne a Jamus, garin Nuremberg ya yi suna a kansa ɗaruruwan shekaru. Gina ɗan ƙaramin gida da shi kuwa ya yaɗu ne bayan 1812, lokacin da 'yan uwan nan biyu masu suna Grimm suka buga tatsuniyar Hansel da Gretel, inda wata mayya ta gina gida da kayan zaƙi a daji don ta jawo yara. Ni dai duk sanda na tuna asalin abin sai na yi dariya, domin ban taɓa ganin talla da ta faɗi gaskiyar kanta irin wannan ba.

A 1999 masu girkin Grand Floridian suka fara gina irin wannan gida a tsakiyar zauren otal, amma ba na wasa ba, tsayinsa ya haura ƙafa 12, har da kanti a cikinsa inda ma'aikata suke tsayawa suna sayar da biskit ɗin ta taga. An yi shekaru sama da 20 ana gina shi, a 2020 ne annobar korona ta katse al'adar a karon farko. Lissafin kayan da otal ɗin yakan kafa a allo ya nuna zuma kusan kilo 475, fulawa kilo 360, wato buhu bakwai da ɗoriya, cakulan kilo 320, garin sukari kilo 270. Ƙashin ginin katako ne, biskit ɗin ake liƙawa a jiki ɗaya bayan ɗaya kamar ana jera tayil, bayan an shafe watanni ana gasawa. Ƙamshin yakan cika zaure tun daga ƙofa. Beach Club su kuma suka yi lilon dawakai na biskit da cakulan mai juyawa da gaske, irin dai wanda Walt ya zauna yana kallo daga benci. Akan ɓoye ƙananan siffofin kan Mickey a jikin ginin a ce yara su nemo, sai ka ga uba da uwa sun fi yaran duƙufa. Kallo ba a biya, ko ba a otal ɗin ka sauka ba kana iya shiga. Sai dai wanda ya shiga da yara uku ya fito bai sayi komai ba, a jinjina masa.

Kada mai karatu ya ɗauka kullum dabarar tana ci. Da aka buɗe Euro Disney kusa da birnin Faris ranar 12 ga Afrilu 1992, an gina mata ɗakuna kimanin 5,200 tashi ɗaya. Aka manta cewa Faris ba fadamar Orlando ba ce. Jirgin ƙasa na ƙasa da awa ɗaya zai mai da mutum tsakiyar birni, kuma Bature ya gwammace ya yini a wurin ɓera ya koma ya kwana a Faris. Sanyin farko na shigowa sai da aka rufe Newport Bay Club, otal mai ɗaki sama da 1,000, don ba kowa. Asarar 1993 ta kai faran biliyan 5.3 na Faransa. Sai a 1994 da aka sake tsarin bashin, Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya sayi babban kaso, aka kuma sauya suna zuwa Disneyland Paris, sannan aka samu numfashi. Haka ma a 2022 suka buɗe wani otal mai ɗaki 100 a Fulorida da aka yi shi kamar jirgin sararin samaniya na fim ɗin Star Wars, ko taga ta gaske babu a ɗakunan sai allon hoto. Kwana biyu na mutum huɗu ya kai kusan dala 6,000. Garin neman ƙiba aka samo rama, a ƙarshen Satumba 2023 aka rufe shi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne waɗancan ƙananan masaukai na bakin iyaka. A 1955 kuɗin shiga Disneyland dala 1 ne ga babba, ban da kuɗin hawa lilo. A 1971 a Fulorida dala 3 da rabi. Yau tikitin yini ɗaya ya haura dala 100, a makon Kirsimeti ya fi haka nesa. Su kuwa masaukan da aka gina a kan titin Kissimmee don cin arzikin Disney, da kamfanin ya janye baƙi zuwa cikin gida da otal-otal masu rangwame, da yawansu suka koma gidajen haya na mako-mako ga iyalan da suka rasa muhalli. A kansu Sean Baker ya yi fim ɗin The Florida Project a 2017, labarin wata yarinya 'yar shekara shida da take zaune da uwarta a ɗaki ɗaya, wasan wutar da ake yi don masu kuɗi tana hango shi daga waje. Duk marubucin da yake shirin kai Alhaji da iyalinsa hutu a babi na gaba, ina ba shi shawara ya nemi fim ɗin nan ya kalla tukuna.

Shi kuwa gidan zuma, ba a cin sa. A shekarun da ake gina shi, bayan ya yi wajen wata biyu a tsaye yana shan ƙura da numfashin dubban mutane, in Janairu ta kama sai a ɓamɓare biskit ɗin a kai inda ake haɗa taki. Katakon kuma, da yake sukari ya daskare a jikinsa yana da wuyar wankewa, sai a loda shi a mota a kai gonar itatuwan kamfanin a shimfiɗa a fili. Ƙudan zuma na yankin su taru a kai su lashe shi tas, sannan a wanke da ruwan zafi a mai da shi sito, sai wani Nuwamban.